A Kai Likitocin Gashi Ƙananan Hukumomi

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan shanyewar ɓarin jiki, ciwon da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin manyan cututtukan da suka fi kisa a duniya, har aka ware masa 29 ga Oktoba ta kowace shekara domin faɗakarwa.

Yayana tela ne, hawan jini ya buge shi a 2021, hannunsa na dama ya mutu. Wallahi mu ma da farko cewa muka yi iska ce. Wata biyu cur muna hayaƙi da shafe-shafe, wani mai ɗori kuma yana jan hannun wai zai miƙar da shi, sai ga kafaɗa ta saki, ciwo a kan ciwo. Da muka kai shi wurin likitar gashi, ta ce mana matsalar a ƙwaƙwalwa take, jini ne ya toshe mata, kuma an fi samun sauƙi a wata uku zuwa shida na farko. Ashe mun ɓatar da mafi tsadar lokacin.

Abin da ya ba ni mamaki, yawancin aikin ba ya bukatar na'ura. Ta sa shi tsintar wake ɗaya-ɗaya yana zubawa a kwano, da ɓalla maɓalli, da murɗa makulli, da jan carbi, kullum, sau ba adadi, domin da maimaitawa ne ƙwaƙwalwa take koyon sabuwar hanya. Ta kuma ajiye madubi tsakanin hannayensa, yana motsa mai lafiyar yana kallon madubin kamar mara lafiyar ne ke motsi. Da yatsun suka fara ɗan buɗewa, sai ta sa wa hannun hagu safa na wasu sa'o'i don a tilasta wa na dama aiki, dabarar da wani Ba'amurke, Edward Taub, ya yi fice a kanta. Yau yayana yana cin tuwo da hannun dama, alhamdu lillahi, amma almakashi har yanzu yana ba shi wuya.

To jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Jami'ar Bayero ta Kano da wasu jami'o'inmu suna yaye likitocin gashi, amma akasarinsu a manyan asibitocin birane suke, wasu kuma sun tafi ƙasashen waje. Manomin da ke ƙauye, ina zai samu kuɗin motar zuwa birni sau biyu a mako? Sai ya haƙura, hannu ya ƙandare, mai ciyar da gida ya koma abin ciyarwa.

Ina kira ga gwamnonin jihohinmu su ɗauki likitan gashi ko da ɗaya ne a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, ya riƙa koya wa iyali motsa jikin da za su ci gaba da yi a gida. Mu kuma talakawa mu riƙa auna jininmu. Wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take, addu'a ba ta hana magani. Kada kuma a ja hannun mara lafiya wajen tayar da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
Fagge, Kano.