Rukunin karatu ne, ko kasuwar satar amsa?

'Yan'uwa matasa, ba mu manta da shekarar 2022 ba, lokacin da yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Ɗalibai da yawa a cikinmu, rukunin WhatsApp ne ya hana karatunsu mutuwa. Wanda ya gane lissafi ya ɗauki hoton aikinsa ya tura. Wata ta bayyana darasi da saƙon murya, tunda ba ya cin data kamar bidiyo. A Google Docs kuwa, mutum biyar suna iya rubutu a shafi ɗaya lokaci guda, wani yana Jos, wani yana Kafanchan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma mu faɗi gaskiya. Da zarar WAEC ko NECO ta gabato, ta wannan ƙofar ce masu sayar da amsa suke shigowa, ƙannenmu kuma suna kallon abin da za mu yi. Wanda ya saba da kwafa, yaya zai yi ranar JAMB, yana zaune gaban kwamfuta shi kaɗai, ba waya a hannu?

Saboda haka mu kafa doka a rukunoninmu. Kowa ya gwada aikin da kansa kafin ya tambaya. Mai amsawa ya nuna hanya, kada ya tura amsa tsirara. Wanda ya kawo tambayoyin sata, a tsawata masa cikin ƙauna, a goge saƙon nan take.

Takardar da muka samu da guminmu ce kaɗai za mu riƙe ba tare da kunya ba. Ubangiji ya taimake mu.