Zabiyar Da Ta Biya Min Kuɗin Rijista

Akwai wata zabiya a unguwarmu a Kudan, mai waƙar amada, katangarmu ɗaya da ita. Gwaggo nake ce mata duk da ba mu haɗa jini ba. Tun ina 'yar shekara bakwai nake riƙe mata jaka idan za ta gidan biki a Hunƙuyi, Makarfi ko Ikara. Da na girma sai muka koma ƙawaye, abin da ba zan iya faɗa wa Innata ba ita nake faɗa wa.

Zan fara da laifina. A shekarata ta farko ta zo duba ni a makaranta da ƙullin mazarƙwaila. Da 'yan ɗakinmu suka tambaye ni ko wace ce, sai na ce wata ce 'yar garinmu, dillanci take yi. Wallahi ta ji, amma ba ta ce komai ba. A zangon da ya biyo baya raken Babana bai yi kuɗi ba, ana shirin rufe rijista, sai ga ta da kuɗin liƙin biki uku a ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Ungo 'yar nan, kuɗin dillanci ne." Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

To 'yan'uwa ɗalibai, me ya sa na ɓoye ta? Saboda haka muka taso. Mu ne za mu yi rawa da kiɗan mawaƙi har mu zubar da ɗankwali, mu yi masa liƙi, amma da gari ya waye sai mu kira shi maroƙi, in ɗansa ya zo neman aure a ce a binciki asali. A ganina wannan munafunci ne, kuma mu da muka yi boko mun fi kowa yin sa. Mamman Shata dai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Barmani Choge ta Funtua, wadda ta rasu a 2013, ta kwashe shekaru tana yi wa mata huɗubar riƙe sana'a da ƙwarya da 'yan amshi. Muna yaba su yanzu da ba su da rai, amma ta unguwarmu sai mu kawar da kai.

Abu uku na koya a wurin Gwaggo da ban ji su a lakca ba. Na farko, ba ta shiga fili sai ta san gidan: wace ce uwar amarya, wace ce kishiyarta, su wa ba sa ga maciji. Habaici ɗaya in ya sauka inda bai dace ba, an gama biki. Na biyu, kafin ta ƙirga nata sai ta raba wa masu kiɗan ƙwarya da 'yan amshi nasu, a gaban kowa. Shi ya sa wasunsu suka fi shekara ashirin tare da ita. Na uku, ta san lokacin sauka. Yanzu da DJ ya cinye bukukuwa, ba ta zauna zagin zamani ba, ta sayi injin markaɗe, damina kuma tana kiwon awaki.

Na san wasu za su ce ai akwai batsa a wasu waƙoƙin amada, da zambo don a tatsi kuɗi. Gaskiya ne, ni ma na sha toshe kunne. Amma a wace sana'a ce babu ɓata-gari? A soki abin da ya ɓaci, kar a haɗa da mutuncin mai neman halaliyarsa.

Nan da 'yan watanni za mu karɓi difloma, kuma kowa ya san kujerun ofis ba za su ishe mu ba. Da yawanmu ɗinki, gyaran waya ko saron tumatir ne zai riƙe mu. Wanda ya saba raina sana'ar wani, ranar da tasa ta zo zai ji kunyar kama ta.

Ranar yaye mu na riga na ce wa Gwaggo ta zo. Duk wanda ya tambaye ni, zan ce zabiya ce, kuma ƙawata ce.