Makka Ba Ta Matsa Ba, Hanya Ce Ta Ƙara Tsawo

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan tambayar da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda ke ta yi a kasuwannin ƙauye, wai me ya sa kuɗin kujerar Makka ke ta hawa alhali Makka tana nan inda take?

Gaskiya ne, ba ta matsa ba. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne in an miƙe, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar. A da jirgi yakan bi ta saman Chadi, ya ratsa Sudan, ya haye Bahar Maliya. Kusan hanyar ke nan da kakanninmu suka bi a ƙasa shekara da shekaru, har wasu suka yi zamansu a Sudan, irin mutanen garin Mai Wurno. In kuwa alhaji ya tashi ƙarfe 10 na safe ya sauka ya ga ƙarfe 5 na yamma, ba awa bakwai ya yi ba, agogon Saudiyya ne ke gaba da namu da awa biyu.

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jirage suka riƙa zagayawa ta wasu ƙasashe. Zagaye kuwa ƙarin lokaci ne da ƙarin mai, shi ya sa kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji. Duk mai ɗaukar kaya a mota ya san in gada ta karye aka yi zagaye, direba ba zai karɓi tsohon kuɗi ba.

Nisa yana da nasa kuɗin, don haka ne maniyyatan Maiduguri da Yola suka biya ƙasa da namu, mu kuma ƙasa da na kudu. Amma babban abin shi ne dala, domin da ita ake lissafin jirgi. Kujerar da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025, bayan naira ta faɗi. Buhun gero nawa manomi zai sayar kafin ya haɗa wannan?

Saboda haka ina kira ga Hukumar Alhazai ta ƙasa da ta riƙa fayyace mana a rediyo da Hausa: nawa ne na jirgi, nawa ne na masauki, nawa ne na guzuri, ta ina kuma jirgi zai bi. Gwamnati kuma ta sa baki sosai a sasanta Sudan, don wutar maƙwabci ta riga ta taɓa aljihunmu. Ku kuma 'yan'uwana, kada kowa ya sayar da gonar gado a kan jita-jitar farashi, aikin Hajji sai ga mai iko.

Allah ya kai mu da rai da lafiya, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Jihar Kano.