Kan Jama'a da Masu Kallonsa

Duk wanda ya shiga gidan kayan tarihi ya tsaya gaban kawunan Nok, abin da ke fara kama shi idanu ne. Manya ne, masu kusurwa uku, an huda tsakiyarsu, sai mutum ya ji kamar shi ake kallo. Waɗanda suka gina su da yumɓu suka gasa sun yi zamani a ƙasar da ake kira kudancin Kaduna yau, fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Masu kallo kuwa iri-iri ne. Mace takan tsaya kan kitso da duwatsun wuya, ta ga ashe ado ba yau aka fara shi ba. Maginin tukwane yakan lura da hujin ido da hanci da baki, don ya san ta nan tururi ke fita, kada abin ya fashe cikin wuta. Wani kuma da ya hango sai ya kau da kai, ya ce gunki ne. To, ba a ajiye su don a bauta musu ba. Shaida ce ta mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan.

Labarin kan Jama'a ya isa darasi. A wajen haƙar kuza aka tono shi kusa da Kafanchan. Wanda ya samu bai san darajarsa ba, ya kafa shi mutum-mutumi a gonar doya. Da aka kai shi Jos wajen 1943, Bernard Fagg ya ga kamarsa da wanda aka tsinta a Nok a 1928. Fagg ɗin ne ya jagoranci kafa gidan tarihi na Jos, aka buɗe a 1952.

Abin baƙin ciki, wanda ya raina abinsa shi ke sayar da shi da arha. Dokar 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba izini, amma masu haƙar sata sun yi ta tone wurare. A 2000 aka ga kayan Nok a gidan Louvre na Paris, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25.

Saboda haka ya kamata malaman makarantun Kafanchan da Kwoi da Kagoro su riƙa kai yara su gani da idonsu. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban kan nan, da wuya ya girma ya miƙa wa dillali irinsa.