Ɗan Madaki Da Aka Haifa A Kudu: Wace Gwamnati Ce Tasa?

Akwai magidanta daga unguwar Madaki ta Gombe da suka shekara talatin a Sabon Ibadan ko Agege, suna fataucin shanu da goro, suna biyan haraji a can. Amma ran da ɗansu ya nemi makaranta ko aikin gwamnati, sai a ce ya kawo takardar shaidar asali. Ƙaramar hukumar da aka yanke masa cibiya a cikinta ba za ta ba shi ba, wai kakansa baƙo ne. Tilas ya kama hanyar Gombe, inda mai unguwa zai yi ta tambayar ɗan gidan wane ne, don bai taɓa ganinsa ba.

Tushen wahalar yana cikin Tsarin Mulki. Na 1979 ne ya shigo da rabon muƙamai bisa asalin jiha, na 1999 ya riƙe shi, alhali kuwa sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalinsa. Sabon Ibadan fa tun 1916 aka kafa ta, shekara uku kafin fadar Sarkin Gombe ta dawo inda take yanzu, amma har yau baƙi ake kiran 'ya'yanta.

Lalle ne Majalisar Tarayya ta ba duk wanda aka haifa a gari haƙƙin ɗan gari. Kafin nan, Gwamnatin Gombe tana iya buɗe ƙofa da kanta, ta soma ba 'ya'yan Yarbawa da Ibo haifaffun Gombe wannan takarda.