Wanda Ya Ajiye Kare Ya Ɗauki Amana



Na san wasu za su yi mamakin ganin maganar kare a mujallar makarantar Arabiyya. Mun saba da karanta nasiha kan hadda da ladabin ɗalibi da zuwa makaranta a kan lokaci. Kare kuwa, a wurin yawancinmu, abin kora ne da tsawa ko da dutse. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wani abu da ya faru a ajina a zangon karatun da ya wuce, wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wata safiya na lura da wani yaro ɗan shekara tara yana ɗingishi, yana ta jan ƙafar wandonsa ƙasa. Na ce, "Zo nan, ɗana, me ya sami ƙafarka?" Ya ce ƙaya ce ta soke shi. Da na sa ya ɗaga wandon sai na ga sawun haƙora a ƙwaurinsa, wurin ya kumbura, an barbaɗa toka a kai. Nan ya fashe da kuka, ya ce, "Malam, don Allah kada ka gaya wa Baba, zai dake ni." Ashe kwana biyu ke nan da cizon. Shi da abokansa sun tsaya jifan wani kare da ke ɗaure a ƙofar wani gida, igiyar ta tsinke, karen ya cim masa.

Mun wanke ciwon, na aika aka kira mahaifinsa, a ranar aka kai shi asibiti aka fara yi masa allurai. Da yamma na je gidan mai karen. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, karen nan an taɓa yi masa allurar rigakafi?" Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Malam, kare ma har da allura? Ni ko kusa da shi ba na zuwa. Mai gadi ne ke jefa masa abinci." Aka tsare karen kwana goma ana dubansa, bai nuna alamar ciwo ba. Yaron yana nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma na daɗe ina tunanin abin da zai faru da karen yana ɗauke da cuta, kuma da ban lura da ɗingishin nan ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ƙyamar da muke yi wa kare ta sa mun ƙi sanin kome game da shi, kuma rashin sanin nan 'ya'yanmu yake cutarwa. Muna ajiye kare don tsoron ɓarayi, sannan mu ji nauyin kula da shi. Yaranmu suna jifansa muna kallo, in ya cije su su ɓoye mana.

Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga jikin mutum ta hanyar cizo ko yaƙushi, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Idan cizon yana kusa da fuska ko wuya, tafiyar ta fi sauri, kuma yaro ƙarami a nan kare ya fi kama shi saboda gajartarsa. A duk tsawon wannan lokaci ciwon yakan warke, mutum ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, wato zazzaɓi da firgita da kasa haɗiyar ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka, kuma kimanin 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wato sa'o'in ɗalibanmu.

Abin takaicin shi ne maganin hana wannan mutuwa ya daɗe a duniya. Tun shekarar 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura a Faransa, yaron ya rayu. Mu kuma a nan Njamena mun ga amfanin rigakafi da idonmu. A shekarar 2012 da 2013 an yi gangamin yi wa karnukan birnin nan allura kyauta, da haɗin gwiwar cibiyar binciken dabbobi da ke Farcha da wata cibiyar lafiya ta birnin Basel a ƙasar Suwizalan. An yi wa karnuka fiye da 18,000 a shekarar farko, fiye da 22,000 a ta biyu. Masana sun ce in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa, kuma an kai wannan adadi. Bayan haka an yi watanni ba a sami mahaukacin kare a birnin ba, sai daga baya cutar ta sake shigowa daga waje. Darasin a fili yake: aikin yana ci, amma ba a yinsa sau ɗaya a naɗe hannu. Karnuka suna haihuwa, sababbi suna shigowa, kowane sabon kwikwiyo da ba a yi wa allura ba ƙofa ce a buɗe.

Wani zai ce, "Malam, mu Musulmi ne, ina ruwanmu da kare?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin littattafan da muke karantar da yaranku. Gaskiya ne hadisi ya hana ajiye kare ba tare da bukata ba, ya nuna ladan mai yin haka yana raguwa kullum. Amma an yi izini ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da tsaron gida in akwai bukata. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. A mazhabar Shafi'iyya hukuncin ya fi tsanani, kuma muna girmama wannan. Amma babu mazhabar da ta halatta azabtar da shi. Ɗalibanmu sun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da ruwan da ya ɗebo a cikin huffinsa. Sun kuma san na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. To wanda ya ɗaure kare a rana tun safe har magariba babu ruwa, ya duba ya ga da wane daga cikin mutanen nan biyu ya fi kama.

Saboda haka ba ina kiran kowa ya je ya nemo kare ba ne. Wanda ba ya da bukata, barinsa ya fi masa. Maganata da wanda ya riga ya ajiye ne. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Karen da kake so ya tsare maka gida da dare yana da haƙƙi a kanka da rana.

Haƙƙi na farko allura. Kwikwiyo in ya kai wata uku a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin hauka, a riƙa maimaitawa kowace shekara ko yadda likita ya tsara, a kuma adana takardar. Ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, takardar nan ce za ta kwantar da hankalin gidaje biyu. In kana jin nauyin jan kare a titi da rigarka ta malamai, ka aiki mai gadi ko wani babban saurayi, amma kada kunya ta sa ka bari.

Na biyu ruwa da inuwa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jikinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, karen da ke ɗaure a rana yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i. A ajiye masa kwanonsa na kansa, wanda ba a haɗa shi da kwanukan gida, a riƙa cika shi da ruwa mai tsabta. Wannan ya warware maganar wankin ƙwarya ma.

Na uku abinci da tsabta. Ragowar tuwo da shinkafa da ɗan nama ko kifi dafaffe sun ishe shi. A guji ba shi ƙashin kaza da aka dafa, domin yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko hanji. Albasa mai yawa da cakulan suna cutar da shi. A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, a nemi maganin ƙuma da na tsutsar ciki a wurin likitan dabbobi, a kwashe kashinsa daga inda yara ke wasa. Kada a shafa masa baƙin mai na mota don ƙazwa, guba ne.

Na huɗu saki. Kare da ya shekara a gajeriyar sarƙa, yara suna jifansa, yakan zama mafaɗaci. In akwai katanga a sake shi a tsakar gida da dare ya motsa jiki, a tabbata ƙofa a rufe take.

Sai maganar haihuwa, wadda ita ce tushen yawan karnukan da ke yawo a bola. Karya takan nemi namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma takan haifi 'ya'ya da yawa a lokaci guda. Abin da muka saba gani shi ne a zuba 'yan kwikwiyo a kwali a kai su bayan gari a zubar. Waɗanda suka rayu su ne gobe za su tare wa yaranmu hanyar makaranta, babu mai su, babu allura. Wanda ba ya son 'ya'ya ya tsare karyarsa a gida a kwanakin da take neman namiji, ko ya nemi shawarar likitan dabbobi kan aikin hana haihuwa. Wanda ta riga ta haihu a gidansa ya bar su wurin uwarsu mako takwas, sannan ya ba wa mutanen da ya san za su riƙe su. Masu sayen kwikwiyo kuma su tambayi takardar allurar uwar kafin su tambayi kuɗi.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu Chadi, musamman ga masu dangi a garuruwan bakin kogin Shari. Tun shekarar 2012 aka gano kurkunu a jikin karnuka, har a 2019 aka ƙirga kusan karnuka 2,000 da suka kamu. Ana danganta abin da cin ɗanyen kayan cikin kifi da ake zubarwa. Karen da tsutsar ke fita daga ƙafarsa in ya shiga tafki sai ya gurɓata ruwan da mutane ke sha. Don haka iyayenmu mata, in an gyara kifi a binne kayan cikin, kada a watsa wa karnuka. Wanda ya ga farin zare yana fita daga ƙafar kare ya ɗaure shi nesa da ruwa, ya sanar da ma'aikatan lafiya.

Yanzu gare ku ɗalibai. Ku daina jifan kare, ko ɗaurarre ko sakakke. Kada ku matsa kusa da kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana tare da 'ya'yanta. In kare ya nufo ku kada ku ruga, ku tsaya cak, ku sauke hannuwa, kada ku zuba masa ido, sannan ku ja da baya a hankali. In kun ga kare yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya samu, ko yana tangaɗi, ku yi nisa ku gaya wa babba. In kuwa ya cije ku, ko ya yaƙushe ku, ko ya lashi wani ciwo a jikinku, ku faɗa nan take, ko da ku ne da laifi.

Ku kuma iyaye, yaron da ya zo da cizon kare a ajiye bulala tukuna. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a duba agogo, domin wankin nan yana rage ƙwayar cutar ƙwarai. Kada a sa toka ko barkono ko ƙonannen gashin kare. A tafi asibiti a ranar, a kuma cika alluran duka a ranakun da aka rubuta, ko da ciwon ya warke. Kada a jira a ga abin da zai sami karen kafin a fara. Shi kuma karen a tsare shi kwana goma maimakon a kashe shi cikin fushi. In ya mutu ko an riga an kashe shi, a sanar da likitan dabbobi, domin ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa a gane ko yana da cutar. Addu'a muna yi, kuma za mu ci gaba da yi, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Ina roƙon hukumar makaranta da kwamitin iyaye su gayyato likitan dabbobi a wannan mako ya yi wa yara bayani, a kuma yi sanarwa a masallatan unguwa don masu karnuka su fito da su. Alhajin da na ba ku labarinsa ya riga ya kai nasa, ya kuma yi masa rumfa a gindin katanga.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya sa a ƙarƙashin kulawarmu. Wassalamu alaikum.