Digiri a Hannu, Baki a Ɗinke

Jama'a, ku yi mini gafara, yau zan taɓa 'yan'uwanmu masu fita ƙasashen waje neman ilmi, kuma inda ke yi musu ciwo zan taɓa. Abin da ya tunzura ni kuwa wata hira ce da muka yi da wani abokina da ya shekara shida a Alƙahira yana karatun likita. Na tambaye shi yaya Larabci, sai ya tuntsire da dariya, ya ce shi bai wahalar da kansa ba, tun da yake da Turanci ake koyar da likitanci a can. Wai har alfahari yake yi!

To, malam likita, mun yarda laccar aji da Turanci ake yin ta. Amma tsohuwar nan da aka kwantar a gadon asibiti, aka ce ka tambaye ta yadda ciwon ya soma, da wane harshe ta gaya maka cikinta na murɗawa? Kowa ya san gano cuta daga bakin majiyyaci yake farawa. Ashe shekara shida ka yi kana tsaye bayan 'yan ajinku, sai abin da suka ga dama suka fassara maka. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya ƙi koyon harshen masu gari ya ƙara wa makanta kurumta, kuma da hannunsa.

Ba abokina kaɗai ba ne. Irinsa suna nan a Sin da Turkiyya da Rasha. Ɗakinsu na 'yan gida, tukunyarsu ta 'yan gida, hirarsu ta 'yan gida, in an shiga kasuwa a miƙa wa mai kanti waya ta yi tafinta. Ran da rigima ta haɗa su da mai gidan haya ko ɗan sanda, ran nan za su san waya ba ta iya ba da haƙuri.

Abin kunyar shi ne, waɗanda muke taƙama da harshensu ba haka suka yi da suka zo mana ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ga Larabci a bakinsa, ya kuma duƙufa ya koyi Hausa da Barbarci da Fulatanci. Shi ya sa har gobe masu tarihin ƙasar nan ba su da makawa sai sun buɗe littattafansa. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, iya harshe da sanin al'ada ne suka jawo masa sunan Ɗan Hausa. Bargery ya bi ƙasa lungu-lungu yana tsintar kalmomi, ya fitar da ƙamus mai shafi fiye da 1,200 a 1934. Su kansu jami'an mulkin mallaka sai da aka ɗora musu jarrabawar Hausa. Kada wani ya ce yabon su nake yi. Mallake mu suka zo yi, sun kuwa gane cewa wanda bai ji maganar mutane ba, ba ya sanin cikinsu. Mai neman mulki ya yi wannan wahala, balle kai mai neman ilmi?

Na san uzurin da za a kawo. Wasu za su ce ba lokaci, alhali kuwa ɗaliban da suka tafi Tarayyar Sobiyat a da sai sun share shekara guda cur suna koyon Rashanci kafin su shiga karatu sosai, sun kuma dawo injiniyoyi da likitoci. Wasu za su ce suna tsoron kada harshen baƙi ya cinye musu Hausa da tarbiyya. Wannan ma zance ne. Fataken da suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, da wace makaranta suka yi ciniki? Je ka zangon Kumasi yau, ka ji yaro yana juya Hausa da Tuwi kamar ruwa. Je ka Mai Wurno ta Sudan, inda zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna, ka ji Larabci ya zauna daram kusa da harshen gida. Sakacin iyaye ke kashe harshen uwa, ba ƙarin harshe ba.

Gaskiyar maganar, girman kai ne da lalaci. Mun ɗauki Turanci tamkar shi ne ilmi, sauran harsunan duniya kuwa gwalan-gwalan. Ga shi nan ko a gida, a tura mutum bautar ƙasa Ibadan, ya shekara, ya dawo ko gaisuwar safe bai iya ba.

Saboda haka, ya kai mai shirin tafiya, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Fara da gaisuwa da ƙirge da cinikin kasuwa. Yi kuskure a yi maka dariya, ai dariya ba ta fid da jini. Tafiya mabuɗin ilmi ce ga wanda ya buɗe baki da kunne. Wanda ya ɗinke su, ko Sin ya je, takarda kurum zai kawo mana.

Allah ya sa mu gane.